'Yar Ƙaramar Wuƙar Aljihu: Aikinta Da Iyakarta

Darasinmu na wannan fitowa a kan wani ɗan abu ne wanda kusan kowa a cikinmu yana da shi, wani a aljihun 'yar ciki, wani maƙale da makullan gida, wato 'yar wuƙar nan mai naɗewa wadda ruwanta bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Wani zai ce wannan ai ba abin da za a ɓata takarda a kansa ba ne. To amma mun ga sa ya tsira ta dalilinta, mun kuma ga sa ya zama mushe don an dogara da ita a wurin da ba nata ba, saboda haka muka ga ya kamata a zauna a yi maganarta.

Da farko mu san wadda muke nufi. Akwai wuƙaƙen aljihu matsakaita da iyayenmu suka sani, irin Douk-Douk da ake ƙerawa a garin Thiers na Faransa tun 1929, da Okapi wadda asalinta daga Jamus ne kafin aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988, da kuma Opinel mai ƙotar itace. Ita Opinel lamba-lamba ce. Mai lamba 8 ruwanta santimita 8 da rabi ne, mai lamba 2 kuwa santimita 3 da rabi kacal. To ire-iren wannan ta biyun muke magana a kai, da 'yar jar nan ta Suwizalan ta kamfanin Victorinox wadda tsawonta duka, in an naɗe, bai cika santimita 6 ba, da sauran na kwaikwayo da ake sayarwa a teburan bakin tasha. Abu ɗaya ya haɗa su: ruwan gajere ne, siriri ne, kuma yawancinsu ba su da makulli, in an danna su da ƙarfi ta inda bai dace ba sai su naɗe a kan yatsun mai riƙon. Ko Opinel ɗin ma daga lamba 6 zuwa sama ne ake sa mata zoben da ke kulle ruwan.

Babban aikinta a sana'armu shi ne igiya. Duk wanda ya taɓa loda shanu daga Maraɗi ko Damagaram ko Ƙonni zuwa Ikko ya san yadda abin yake: an ɗaure ƙaho, an jera dabbobi kafaɗa da kafaɗa, tafiya ta ci kwana biyu ko fiye, mota ta faɗa rami cikin dare, sai wani sa ya zame ya faɗi. In ya faɗi igiyar da ke ƙahonsa tana janye kansa sama ko ta murɗe masa wuya, wani lokaci ma ta zarge wuyan gaba ɗaya, na kusa da shi kuma suna taka shi. A da can da igiyar rama ko ta kaba ake ɗauri, in an ja ƙullin yakan saki. Yanzu igiyar roba ta cika kasuwa, ita kuwa in nauyin sa ya hau kan ƙullinta, ga fitsari da kashi sun jiƙa ta, ko haƙori ka sa ba za ta kwance ba. A nan minti biyu ma da yawa ne. Yaron da ke rakiya a bayan mota, in yana da 'yar wuƙa mai kaifi a jikinsa, zai datse igiyar nan take, a samu a ɗaga sa. In kuwa sai ya buga wa direba ya tsaya, a buɗe akwatin kayan aiki, a laluba cikin duhu, to Allah ya kiyaye.

Kuma a wannan wuri ƙanƙantarta alheri ce. Ka shiga tsakanin bijimai talatin da suka firgita, mota na girgiza, da zungureriyar wuƙa tsirara a hannu, ko dai ka soki dabba ko ka soki kanka ko ɗan uwanka. 'Yar ƙarama tana ɓuya cikin tafin hannu. Yadda muke koya wa yaranmu shi ne: kada ka yanka daga sama zuwa jikin dabba. Zura ruwan ƙarƙashin igiyar a kwance, bayansa na kallon fata, sa'an nan ka juya kaifin sama ka ja zuwa waje, nesa da fuskarka. Ka zaɓi inda igiyar ta fi miƙewa, domin igiyar da ke ɗauke da nauyi ita ke taimaka maka, sili biyu ko uku za ka yanke sauran su ɓalle da kansu. Ka kuma san inda kan sa zai faɗa in ta saki, don mun san mutumin da ya ceci sa, ƙaho ya fasa masa gira.

Sauran ayyukanta kowa ya san su, ba sai mun daɗe ba: farke bakin buhun dusa, kwance damin harawa, fitar da tsakuwa ko ƙaya daga tsakanin kofato, fiƙe fensirin lissafi, gyara asuwaki, fasa goro. Sai dai in ka yanki igiyar roba ko leda ka tsince guntayen, domin shanu suna haɗiye su, mahauta kuma sun sha ciro dunƙulen leda daga tumbi. Kada a mai da ita sukundireba ko abin ɓamɓare murfin gwangwani, tsinin zai karye. Gyaran kofato da yanke ƙaho kuma ba nata ba ne sam.

To yanzu ga inda muke so a natsu. Shekarun baya mun aika da mota kudu, da wani yaro mai hankali, mai sallah, a matsayin ɗan rakiya. Can tsakar dare wani babban bijimi ja, irin na Bororo, ya faɗi, kafin a ankara an tattaka shi, numfashi sama-sama. Aka tsaya a daji. Yaron ya ga dabba za ta mutu, ya ce bari ya yanka don a ci, sai ya tarar wuƙar da ke wurinsa ita ce 'yar ta makulli, direba kuma ba shi da komai. Ya yi bisimilla ya sa. Fata kawai ta ɗauke shi lokaci, yana yanka yana ɗagawa yana komawa, ruwan ya dakushe, sau ɗaya ma ya naɗe ya tsaga masa yatsa. Kafin ya kai ga jijiya ta biyu rai ya fita. Da ya ba mu labari yana kuka muka ce ya share hawaye, laifin namu ne da muka sallami mota ba wuƙar yanka a ciki. Sa dai ya tafi, da shi da kuɗinsa, ga azabar da ya sha a banza.

Abin da muka karanta a gaban malamanmu a mazhabar Malikiyya, kuma yana nan cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, shi ne yanka ba ya cika sai an yanke maƙogwaro da manyan jijiyoyin wuya guda biyu, ta gaba ba ta ƙeya ba, kuma kada mai yanka ya ɗage hannunsa bayan ya yanke wani sashe sa'an nan ya dawo ya ƙarasa. Malamai sun yi bayani a kan wanda ya ɗaga ya koma nan take da wanda ya jinkirta, wannan sai a tambaye su. Shari'a ba ta yanka wa wuƙa tsawo ba. Ya zo a hadisi cewa wata baiwa mai kiwon tumakin Ka'abu ɗan Malik ta ga ɗaya za ta mutu, ta fasa dutse ta yanka ta da shi, Manzon Allah (SAW) ya yi izni a ci. Saboda haka ba mu ce yankan ƙaramar wuƙa haramun ne ba. Kaza, zabo, ko da ɗan akuya, in tana da kaifi za ta iya. Abin da muke cewa shi ne a wuyan bijimi ba za ta cika sharuɗɗan ba. Fatar sa tana da kauri, ga fatar nan mai reto a ƙarƙashin wuya wadda ke guje wa kaifi, maƙogwaro guringuntsi ne mai faɗi, jijiyoyin kuma ɗaya tana wannan gefe ɗaya tana wancan. Ruwa mai santimita 4 ba zai haɗa su a jan hannu ɗaya ba, dole a yi ta sassaƙa. Masana aikin kwata suna ba da shawarar tsawon wuƙar yanka ya kai ninki biyu na faɗin wuyan dabbar. Ko ba a kai haka ba, ku dubi abin da mahauta ke riƙewa ku gwada da abin da ke aljihunku. Kuma an umurce mu da wasa wuƙa da hutar da abin yanka, wannan kowane ɗan makaranta ya haddace shi.

Wuri na biyu da ake zaluntar 'yar wuƙar nan shi ne kumburin ciki. Saniya ta ci ɗanyar ciyawar farkon damina, ko an cika mata dusa da hatsi bayan yunwar hanya, ko mangwaro ya tsaya mata a wuya, ko kuma ta daɗe kwance a gefe ɗaya cikin mota ta kasa gyatsa, sai ka ga kwiɓin hagu ya tashi kamar ganga. Mutane sun ji ana cewa a huda, sai kowa ya zaro abin da ke aljihunsa. Gaskiya ne likitocin dabbobi suna hudawa, a gefen hagu, cikin loɓar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu. Amma da wani ƙarfe mai tsini suke yi wanda ke cikin bututu, in an soka sai a zare ƙarfen a bar bututun, iska ta riƙa fita ta ciki. Wuƙa ba ta barin hanya. Gajeren ruwa sau da yawa a fata da nama yake tsayawa, in ma ya taɓa tumbi, da ka zare ramin ya rufe, tumbin ya zame, ƙazanta ta tsiyaya cikin cikin dabba, bayan kwana kaɗan ta mutu da ruɓar ciki, wataƙila a hannun wanda ka sayar wa. Kafin a kai ga huda akwai abin yi: a ta da ita tsaye, gabanta ya fi bayanta tudu, a zura mata tiyo mai laushi ta baki in akwai wanda ya iya. In kumburin mai kumfa ne, wanda ɗanyar ciyawa ke kawowa, iska ba ta fita ko an huda da ƙaramin abu, man gyaɗa ake ɗurawa, kamar kwata zuwa rabin lita ga babbar saniya, a hankali don kada ya bi ta huhu. Wanda ke yawan lodi ya nemi wancan ƙarfe mai bututu, ya sa likitan dabbobi ya nuna masa wurin a jikin dabba da hannunsa, ba da baki ba.

Sai maganar jini. Wuƙar da aka tsaga ƙurji da ita, ko aka yi wa kunne shaida, in aka wuce da ita kan wata dabba ba a wanke ba, tana iya ɗaukar cuta ta kai. Wannan wuƙar ce kuma za a goge a gefen riga a fasa goro a miƙa wa baƙo. A wanke da sabulu, a tafasa ko a gasa ruwan a wuta, in da hali ma a ware ta abinci daban. Mafi hatsari shi ne dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci ko dubura kuma ba ya daskarewa. Wannan alamar ciwon saifa ce. Kada a sa mata wuƙa ko wace iri, ba don a duba ciki ba, ba don a ceci fata ba, domin ƙwayar cutar in ta sha iska tana zama a ƙasa shekaru da yawa, kuma tana kama mutum ta ɗan rauni a hannu. A 2023 ta ɓulla a arewacin Gana har aka dakatar da zirga-zirgar dabbobi a yankin, a watan Yuli na shekarar kuma aka tabbatar da ita a wata gona kusa da Suleja a Nijeriya. A kira ma'aikatan dabbobi, su ne za su ce a ƙone ko a binne.

A bakin iyaka 'yar ƙarama ba ta cika jawo magana ba. Babbar wuƙar yanka ce ya kamata a san yadda aka aje ta: cikin kube, a naɗe a akwatin kayan aikin direba, ba a ƙugu ba, kuma in 'yan duwan ko jandarma suka zo bincike a faɗa masu tun kafin su gani, tare da takardun shanun. Mai zuwa aikin hajji ko duk wata tafiya ta jirgin sama ya cire ta daga makullai ya sa a babbar jaka, in ba haka ba a bakin shiga za a karɓe ta.

Kulawarta ba wuya. Mai baƙin ƙarfe tana tsatsa amma ta fi saurin yin kaifi, ɗigon mai a mahaɗa da goge jiki ya ishe ta. A wasa ta a dutse mai laushi, gefe da gefe, ba a magagari ba, don ruwan siriri ne zai cinye. A gwada ta a guntun igiyar da aka yi ɗauri da ita, ba a gashin hannu ba. Mu dai yanzu mota ba ta barin kara sai mun ga abu biyu da idonmu: 'yar ƙarama a wuyan kowane ɗan rakiya, rataye da zare a cikin riga don kada ta faɗi cikin kashin shanu, da babba wasasshiya a gaban mota, kuma cikin yaran akwai wanda muka tabbata ya taɓa yanka sa a gaban mahauci.