Binciken Asalin Gida a Birnin Zazzau: Jagora ga Hakimai da Malamansu

Da wuya a sami Hakimin da bai taɓa ganin irin wannan baƙo ba. Saurayi ya zo zaure ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce shi jikan wane ne na Unguwar Kwarbai ko ta Juma ko Limancin Kona, amma a Kaduna ko Ikko aka haife shi, mahaifinsa ya rasu, yana so a gaya masa asalin gidansu. Sau da yawa akan ce masa ya nemi wani tsoho, in ya je ya tarar tsohon ya riga mu gidan gaskiya tun bara. Abin da a ke rasawa ta haka ba ƙarami ba ne, domin da sanin asali a ke raba gado, a ke kashe gardamar gona da ta gida, a ke sada zumunci, a ke kuma gane wanda ya ke da haƙƙin neman sarautar gidansu. An shirya wannan takarda don Hakimi da malaminsa su san yadda za su taimaki irin wannan baƙo.

1. A fara da masu rai

Takarda tana jira, amma tsoho ba ya jira. Saboda haka lalle ne a fara da dattawan gida, maza da mata. Kada a raina tsofaffin mata, gama su suka fi riƙe labarin aure da haihuwa da yaye da riƙo. Cikin 1949 da 1950 wata tsohuwa mai suna Baba, da ke zaune a Giwa, ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin danginta tun kafin zuwan Turawa, aka buga shi littafi a 1954, har yau masana na duniya suna karatunsa. Haka kuma littafin da mijin Baturiyar, M. G. Smith, ya buga a 1960 a kan sarautar Zazzau, da yawan abin da ke cikinsa daga bakin dattawan Birni ya samo shi.

Malami ya rubuta sunan wanda ya ba da labari, da unguwarsa, da ranar da aka zauna, da wanda shi kuma ya ji daga bakinsa. In tsohon ya yarda, a ɗauki muryarsa da wayar hannu. A tambayi mutum biyu ko uku dabam dabam, kada a haɗa su wuri ɗaya, don ƙarami ba ya musa wa babba a gaban jama'a. A nemi maroƙa da makaɗan gidan kuma, domin kirari yakan riƙe sunan kakan da 'ya'yan gida suka manta.

2. Tarkon sunaye

A nan ne masu bincike suka fi ɓata. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace ba ta faɗin sunan mijinta, yaron da aka sa wa sunan kakansa kuwa Abba ko Baba a ke kiransa har ya tsufa. Ɗanjuma da Tanko da Mailafiya duk laƙabi ne, sai a tambayi sunan yanka. Yaron da aka ba kawunsa riƙo sau da yawa akan kira shi ɗan kawun. Waɗanda aka sa makarantar boko a dā kuwa da yawansu sunan gari ko na unguwa aka liƙa musu maimakon na uba. Har wa yau, takardun mulki sukan ce Madaki ko Iya ko Wambai kurum, ba suna, alhali mutane da yawa sun riƙe sarautar bi da bi. Sai an san shekara kafin a san wanne a ke nufi.

3. Yadda a ke gano shekara

Tsoho ba zai ce 1911 ba, sai ya ce shekarar da jirgin ƙasa ya iso Zariya. Saboda haka malami ya riƙe waɗannan a kansa. Malam Musa na gidan Mallawa ya rasu a 1821, Yamusa na gidan Barebari ya yi sarauta zuwa 1834, Abdulkarimu na gidan Katsinawa zuwa 1846, a zamaninsa ne kuwa Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a. Gida na huɗu shi ne na Sulluɓawa, na Sarki Abdussalami. Turawa sun shigo a 1902, zamanin Kwasau. Daga nan sai Aliyu Ɗan Sidi, 1903 zuwa 1920. Dalhatu zuwa 1924. Ibrahim zuwa 1936. Ja'afaru, 1937 zuwa 1959. Muhammadu Aminu zuwa 1975. Shehu Idris zuwa 2020. Sa'an nan Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli. Babbar yunwa ta 1914, da annobar mura ta 1918, da zuwan Sarauniya Kaduna a 1956, da canjin kuɗi zuwa naira a 1973, duk turaku ne da a ke ɗaure shekarar haihuwa ko ta rasuwa.

In shekarar Hijira aka samu, a raba ta da 33, a ɗebe abin da ya fito daga cikinta, a ƙara 622. Misali, 1320 in an raba da 33 ya ba da 40. A ɗebe, saura 1280. A ƙara 622, ya zama 1902. Lissafin yakan kauce da shekara ɗaya, ba ya wuce haka. In kuwa da ramzi aka rubuta shekarar, watau da baƙaƙe maimakon alƙaluma, a tuna malamanmu hisabin Magariba su ke bi, inda shinun ya ke dubu.

4. Takardun da ke cikin gida

Kafin a tafi nesa a buɗe adaka da gafaka. Malamai da yawa sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu a bangon littafi, mai kwafe littafi kuwa yakan sa sunansa da na ubansa a ƙarshe. Akwai wasiƙu, da takardun sayen gida, da na rabon gado masu hatimin alƙali, da rasit na haraji, da hotuna. Kada a karɓe su daga hannun masu su. A ɗauki hotonsu a nan inda su ke, a mayar, a kuma ba da shawara a ɗaga su daga ƙasa saboda gara da danshi. Wanda bai iya karatun tsohon hannu na Larabci ko ajami ba, ya kai wa malaman zaure, Birni kuwa ba ta rasa su ba.

5. Inda a ke samun taimako

Na farko, Ma'ajin Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Aikin ajiye takardun gwamnati ya faro ne a Ibadan a 1954 ta hannun Dokta Kenneth Dike. A reshen Kaduna a ke ajiye fayilolin Lardin Zazzau, masu alamar ZARPROF, da rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta a kan gundumomi sa'ad da a ke yanka haraji, waɗanda sukan kawo asalin gari da jerin dagatansa.

Na biyu, Arewa House a Kaduna, gidan Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970 ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith.

Na uku, Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wadda aka buɗe a 1962. A Sashen Tarihi akwai littattafan Larabci da na ajami da aka tattara tun daga 1964, a Laburaren Kashim Ibrahim kuwa akwai kundayen da ɗalibai suka rubuta a kan garuruwa da sana'o'i da gidajen malanta. A nan ne kuma saurayin da ya ga aikin ya kama ransa zai iya koyonsa sosai. Tsofaffin kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, su ma suna ɗauke da labarin naɗi da na rasuwa.

Wanda gidansu ke da jibi da sarautar Haɓe, sawunsa Suleja zai kai shi, inda ɗan'uwan Sarki Makau ya kafa Abuja ta dā a 1828. Wanda aka tura kakansa hakimci a farkon zamanin Turawa, ya nemi dangi a gundumar, irin su Soba ko Makarfi ko Ikara, domin Hakimi da jama'arsa ya kan fita.

6. Abin da a ke roƙon Hakimai

A ba mai bincike takardar gabatarwa zuwa ga masu unguwa da waɗannan ma'aikatu. A sa malami ya buɗe littafi guda na ofis, inda za a riƙa shigar da salsalar kowane gida da ya yarda, a kuma roƙi mai binciken ya bar kofe in ya gama.

Sai gargaɗi biyu. Na ɗaya, kada a rubuta abin da ba a tabbatar ba don a faranta wa wani rai. In ruwaya biyu ta saɓa, a rubuta duka biyun da sunan masu su. Ramin ƙarya ƙurarre ne, salsalar da aka ƙaga kuwa fitina ce a ke ajiye wa jikoki. Na biyu, bincike yakan tono abin da gida ba ya so a ji, musamman zancen rinji da bauta, wadda doka ba ta gama kashe ta a Arewa ba sai a 1936. Wannan amana ce, masu gida kaɗai ke da ikon faɗi ko rufewa.

Malamin da ya karanta wannan takarda, ya duba gundumarsa ya rubuta sunayen tsofaffi biyar da suka fi kowa shekaru, ya fara da babbansu cikin makon nan. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa Hakimai lafiya, amin.