Kunne yana jin abin da zuciya take so: darasi daga shari'ar Marc Hauser

Duk ɗalibin kimiyyar harshe da ya kai matakin mastar ya ci karo da maƙalar da Hauser da Chomsky da Fitch suka wallafa a mujallar Science a 2002, wadda ta tattauna abin da ya bambanta harshen ɗan Adam da sadarwar dabbobi. Abin da ba kasafai ake faɗa mana a aji ba shi ne yadda na farkon cikinsu ya ƙare. A 2010 Jami'ar Harvard ta Amurka ta tabbatar da cewa Marc Hauser ya aikata maguɗi a bincike har sau takwas, ya kuma ajiye aikinsa a 2011. Waccan maƙala ba ta cikin waɗanda aka tuhuma. Wadda aka janye ita ce ta mujallar Cognition, ita ma ta 2002, a kan wasu ƙananan birai da ake kira tamarin.

Yadda gwajin yake shi ne abin lura. Ana kunna wa biri jerin gaɓoɓi masu tsari ɗaya, misali ga-ti-ti, har ya saba da su, sannan a sauya tsarin zuwa ga-ga-ti. In ya waiwaya wajen lasifika, sai a ce ya gane an karya ƙa'ida. To, wa zai yanke hukunci cewa birin ya waiwaya? Mutum ne, yana kallon bidiyo. A nan ɓarakar ta samu. Mataimakansa a ɗakin bincike ne suka lura cewa abin da malaminsu ya rubuta a wani gwaji bai yi daidai da abin da suke gani a faifan ba, kuma su ne suka kai ƙara, duk da cewa makomarsu tana hannunsa.

Mu ba ma aiki da birai, amma matsayinmu ɗaya da mai kallon bidiyon nan. Ɗalibi ya tafi Adar ya ɗauko muryar tsofaffi, ya dawo ya zauna rubutawa. Ya riga ya karanta cewa mutanen yamma suna cewa biyat a inda Bakano zai ce biyar, suna cewa hwari maimakon fari. Sai a zo kan wata kalma da iska ko kukan akuya suka rufe ƙarshenta, alƙalami ya rubuta abin da littafi ya ce. Ni kaina na taɓa sa wa wani wasali alamar tsawo don ra'ayina yana bukatar hakan, sai da abokiyar karatuna ta saurara ta ce gajere take ji. Ba ƙarya na yi niyya ba, amma da ba ta saurara ba, da ya shiga kundina a matsayin hujja. Daga nan zuwa ƙago jumla a ɗaki a jingina ta ga "wani dattijo mai shekara saba'in" tafiyar ba ta da nisa.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Lokacin miƙa kundi yana matsowa, kuɗin komawa ƙauye babu. Malami kuma ƙarin girmansa a CAMES ya rataya ne a kan yawan abin da ya wallafa. Sai kuma kunya, wadda a ganina ta fi sauran illa: ɗalibinmu ba ya iya duban malaminsa ya ce, Malam, ba haka faifan ya ce ba.

Ɓarnar misalin ƙarya a fanninmu tana daɗewa, domin misali gado ake yi. Mai rubutu na gaba zai ɗauko shi daga kundinka, na bayansa ya ɗauko daga nasa, har ya zama "sananne" cewa wani gari yana furta abin da ba a taɓa furtawa a cikinsa ba. In karin harshen masu magana kaɗan ne kuma tsofaffin suka rasu, ba mai sauran hanyar gyarawa.

Abin da ya tona asirin Hauser shi ne faifan yana nan, kuma wani ya sake kallonsa. Don haka kowane misali a kundi ya zo da lambar faifai da mintin da aka furta shi, a ajiye kwafin faifan a sashe tare da kundin. A ba wani ɗalibi wani ɓangare ya rubuta shi kaɗai, ba tare da an gaya masa abin da ake nema ba, sannan a gwada rubutun biyu. Inda aka saɓa, a faɗi an saɓa. Jumlar da mai bincike ya gina da kansa, kasancewarsa Bahaushe, halas ce, muddin ya rubuta a gefenta cewa tasa ce. Ya kamata kuma sashenmu ya sanya wani malami, wanda ba shi ne mai duba aikin ɗalibi ba, da za a iya kai wa irin wannan magana a asirce.