Waƙar Coci Ba Ganga Ba Algaita

Malam mai sauraronmu daga Yalwan Damai, ka tambayi yadda mutum goma kacal ke cika coci da waƙa ba kayan kiɗa. Tsohon salo ne na Turai, irin na zamanin mai tsara waƙoƙi Palestrina, wanda ya rasu a Roma a 1594. A wajen ishiriniya, wani kan ja baiti saura su amsa. A wannan salo na coci kuwa muryoyi huɗu ko biyar ke tafiya lokaci guda, kowace da hanyarta, suna sarƙewa kamar tufkar igiya, galibi da harshen Latin. Ƙungiyar Tallis Scholars, wadda Peter Phillips ya kafa a Ingila a 1973, takan ɗora mutum biyu kan kowace murya. Aiki ne ja, domin ɗaya na kaucewa kunne zai kama shi.