Darasi: Ruwa a matsattsiyar hanya

Ƴan'uwa manoman rani, mu yi nazari kan tafiyar ruwa.

Kowa ya taɓa gani: in aka matse bakin tiyo da yatsa, ruwa sai ya yi tsalle ya tafi nesa. Shin ruwan ne ya ƙaru? A'a. Gudunsa ne ya ƙaru. Ruwan da ya shiga ta faffaɗan wuri, dole ya fita ta matsattsen wuri, don haka sai ya ƙara sauri.

Ga lissafi. Tiyo mai faɗin santimetir 10 ya haɗu da mai santimetir 5. Faɗi ya ragu da rabi, amma filin bakin ya koma kashi 1 cikin 4. Saboda haka gudun ruwa zai ninka sau 4.

Matsewa iri biyu ce. Akwai wadda ke zuwa sannu a hankali, kamar mazurari. A nan ruwa yana bi sumul. Akwai kuma ta farat ɗaya, inda babban tiyo ya ci karo da ƙarami. A nan ruwa yana bugun gefe, yana juyi, ƙarfinsa yana ɓacewa. Injin ban ruwa ya sha mai da yawa, ruwa kaɗan ya isa ga albasa.

Haka abin yake a kanal. Gonakin ban ruwa na Ƙwanni suna samun ruwa daga barajin Mozage da na Zango, kan Majiya. Galmi ma, cikin yankin Malbaza, tana da nata baraji. An kafa ONAHA a 1978 don kula da irin waɗannan gonaki. Inda yashi ko ciyawa suka matse kanal, ruwa yana taruwa a baya har ya malala, manomin ƙarshe ya rasa rabonsa. In hanyar ta ƙasa ce, kamar a fadamun Illela, gudun ruwan yana cinye gaɓa.

Abin da za mu yi:
1. Mu haɗa babban tiyo da ƙarami da mahaɗi mai siffar mazurari.
2. Kada mu bari tiyo ya lanƙwashe.
3. Mu yashe kanal tun kafin a sako ruwa.

Gwaji: ku cika bokiti da tiyo a buɗe, kuna ƙirge. Ku sake, bakin a matse. Wanne ya riga cika? Ku kawo amsa wurin malamin yaƙi da jahilci.