Yadda Za Mu Sa Ƙannenmu Su So Karatun Nishaɗi

Karatu iri biyu ne. Akwai wanda yaro ke yi don malami ya sa shi, ko don tsoron jarrabawa. Akwai kuma wanda yake yi don ransa yana so, ba wanda ya aike shi. Wannan na biyu shi ake kira karatun nishaɗi, kuma shi ne ya yi ƙaranci ƙwarai a ƙauyukanmu da unguwannin talakawa. Nufina a wannan maƙala shi ne in nuna dalilan haka, da kuma abin da mu ɗaliban makarantun kwana za mu iya yi a kai.

Da farko ya kamata mu kawar da wani zato, wai ɗan talaka ba ya son karatu. Duk wanda ya taɓa ganin yara sun kewaye tsohuwa da dare tana yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ya san babu yaron da ba ya son labari. Abin da ya rasa shi ne littafi, da mai nuna masa cewa irin labarin nan da yake so yana nan kwance cikin takarda.

Dalilan rashin suna da yawa. Magidancin da bai cika kwanon gero ba, ba zai sayi littafin hira ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Yaro ya taso daga makaranta sai kiwo ko gona, yarinya kuwa sai talla, in dare ya yi ga gajiya ga rashin fitila. A makaranta ma, sau da yawa littafi ɗaya ne a hannun malami, yara sai dai su bi abin da aka rubuta a allo. In kuma aka dace yaro ya sami littafi, sai ya tarar da Turanci aka rubuta shi, harshen da bai riga ya ƙware a kai ba. To, ta yaya zai ji daɗin abin da ba ya fahimta?

Haɗarin da ke cikin wannan babba ne. Karatu kamar wuƙa yake, in ba a wasa shi sai ya dakushe. Yaron da bai saba karanta kome ba sai don jarrabawa, da zarar ya bar firamare sai haruffan su fara ɓace masa. Bayan 'yan shekaru sai ka gan shi yana neman mai karanta masa wasiƙa, ko takardar asibiti, ko bayanin da ke jikin buhun taki. Tun shekarar 1976 da aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta a Nijeriya ake ta gina azuzuwa, amma aji kaɗai ba ya sa yaro ya ƙaunaci littafi.

Magabatanmu sun gane haka tun tuni. A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta littattafan hira da Hausa, don waɗanda suka koyi boko su sami abin karantawa. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A lokacin Abubakar Imam saurayi ne ɗan shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina. A 1939 kuma aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta. Kafin su duka, a ƙarni na 19, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, inda jajis suke ɗaukar waƙoƙinta na ilmi su kai wa matan ƙauye har gida. Ba ta jira matan su zo birni ba, ita ta aika musu. Wannan ita ce hanyar da ta kamace mu.

Mu da Allah ya ba damar zama a makarantar da ke da laburare, sau 3 muke zuwa hutu a shekara. Ga abin da kowannenmu zai iya yi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Na farko, mu karanta musu a bayyane. A nemi izinin iyaye da mai unguwa, a shimfiɗa tabarma a inuwa bayan la'asar, a tara yara ko da 5 ne. Littafi ɗaya ya ishi yara 20 in da mai karantawa. A sake murya yadda ta dace da kowane mutum na cikin labarin, kada a ja zaman ya wuce rabin sa'a.

Na biyu, mu fara da Hausa, da labari gajere mai ban dariya. Abin da ya gudana tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja ya isa ya riƙe kowane yaro. A cikin Magana Jari Ce ma akwai darasi gare mu, domin da labari bayan labari aku ya tsare Musa ɗan sarki a gida har ya kuɓuta daga makircin waziri. Mu ma mu tsaya daidai inda labari ya yi daɗi, mu ce sai gobe. Wanda ya ƙagu ya ji ƙarshe, a miƙa masa littafin ya gwada da kansa. Idan yaro ya saba da karatu a harshensa, na Turanci ba zai yi masa wuya ba.

Na uku, mu kafa akwatin littattafai. Kowa ya kawo tsofaffin littattafansa da mujallu, a sa musu bango, a ajiye a gidan wani amintacce. A sami littafin rubutu a riƙa sa sunan mai aro da ranar mayarwa. In littafi ya dawo da ɗan datti kada a yi faɗa, alama ce an karanta shi.

Na huɗu, inda babu littafi mu yi namu. Yara su karɓo tatsuniya ko kacici-kacici daga kakanninsu, mu rubuta musu da manyan haruffa, su kuma su zana hotuna. Yaro ba ya mance takardar da ke ɗauke da labarin kakarsa da sunansa.

Na biyar, kada mu bar kowa a baya. 'Yan'uwanmu mata su karanta wa 'yan mata a cikin gida, a lokacin da ba su fita talla ba. Almajirai kuma sun riga sun san haruffan Larabci, saboda haka ana iya rubuta musu labari da ajami.

Abu guda ne zai ɓata wannan aiki duka, wato mu mai da shi aji. Ba bulala, ba ba da maki, ba yi wa mai in'ina dariya. In yaro ya yi tuntuɓe a kan kalma, a faɗa masa a hankali a wuce.

A ƙarshe, 'yan'uwana ɗalibai, Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran nan ƙannenmu ne, kuma da harajin iyayensu aka sayi littattafan da muke morewa a nan. Saboda haka ina roƙon kowa, ran da za a tafi hutu, ya sa littafin hira ko da ɗaya ne a cikin akwatinsa. Allah ya ba mu ikon cika wannan haƙƙi, amin.