Bangaskiya ko Ayyuka Nagari: Me Ke Baratar da Kirista?

Wani mai sauraronmu daga Jos ya aiko da tambaya: a koyarwar Kirista, me ke sa Allah ya karɓi mai zunubi a matsayin mai adalci, bangaskiya ko ayyuka nagari?

To, malam, wannan muhawara ce ta raba cocin Yammacin Turai. A 1517, wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yana zaga garuruwan Jamus yana sayar da takardun sassaucin horon zunubi, talakawa na zuba kuɗi a akwati. Abin ya harzuƙa wani malamin coci, Martin Luther. Ya kafa hujja da wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa, ya ce bangaskiya kaɗai ke baratar da mutum, ayyuka kuwa 'ya'yanta ne.

Katolika suka mayar da martani a taron Trent a 1547: alherin Allah ne mafari, amma sai mutum ya ba da haɗin kai, ayyukan ƙauna kuma suna ƙara masa adalci. Wasiƙar Yakubu na cikin hujjojinsu.

Ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg, Katolika da Lutheran, wato mabiya Luther, suka rattaba hannu kan matsaya guda: ceto kyautar Allah ce, ita ke haifar da ayyuka nagari. Methodist suka bi sahu a 2006.