Kafin Ka Sauka Cikin Rami

Ɗan'uwa mai barin Bauchi zuwa haƙar kuza a Toro, fara duba iskar ramin. Kada janareto ko injin jan ruwa ya yi aiki a ƙasa. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, sai dai ciwon kai da jiri, can mutum ya zube. Kunna kyandir ba ya gano ta, a ramin kwal ma fashewa yake jawowa. Ku haɗa kuɗi ku sayi na'urar auna iska, a gwada kowace safiya, a hura iska daga sama.

Ku jiƙa dutse kafin fasawa, ƙurarsa tana cin huhu. In tari ya daɗe, don Allah ka je Asibitin Koyarwa na ATBU.